Wa Ya Tsara Takun? Duba Ga Aikin Qudus Onikeku Daga Bakin Tafkin Kainji

Bahaushe ba ya mantawa da sunan mawaƙi. Ka kunna wa yaro ɗan shekara goma a Yelwa waƙar Shata, kafin amshi ya zagayo ya faɗa maka mai ita. Narambaɗa ya rasu tun kafin a haifi iyayen wasunmu, amma har gobe ana gardama a kan baitocinsa a jami'o'i. Makaɗi ma yana da nasa rabon, ko da bai kai na mawaƙi ba. Wanda aka bari hannu rabbana shi ne mutumin da ya zauna ya tsara rawa, ya ce ƙafar dama ce za ta fara, a juya a bugu na huɗu, mutum biyu su rabu a nan su haɗu a can. Ko kalma guda ba mu ware wa sana'arsa ba, sai mun yi zagaye mun ce "mai tsara rawa".

Dubi Koroso. Duk wanda ya taɓa kallon bikin al'adu a Arewa ya san ta: maza da mata bibbiyu, kacau-kacau a ƙafa, sarewa tana tashi, ana lanƙwasa jiki kamar babu ƙashi a ciki. Da yawanmu mun ɗauka tun zamanin Bagauda ake yin ta. Alhali a shekarun 1970 aka harhaɗa ta a Kano daga takun Fulani da na Hausawa, a zamanin da jihohi ke neman abin nunawa a dandamalin bukukuwan al'adu, zamanin da ya kai ga FESTAC a Legas a 1977. Wato wasu mutane ne masu suna da unguwa suka zauna suka zaɓi wannan, suka yar da wancan, suka jera abin da ya rage har ya zama rawar da muke alfahari da ita. Da muka lulluɓe ta da kalmar "gargajiya", sai sunayensu suka nutse a ƙarƙashinta. A fina-finan Kannywood ma haka abin yake: ko an rubuta sunan wanda ya tsara rawar, yana can ƙasan jerin sunaye, inda kowa ya riga ya tashi.

Wannan ne ya sa muke ganin ya kamata mai karatun Hausa ya san Qudus Onikeku da ƙungiyarsa ta QDance, duk da cewa Bayarabe ne, a Legas yake, kuma akwai abubuwa a aikinsa da ba za su shiga garuruwanmu ba. Shi ne ɗan Nijeriyar da ya fi kowa dagewa a yau a kan cewa rawa aiki ce mai mawallafi, kamar littafi.

An haife shi a Surulere a 1984. Da tsalle-tsalle da alkafura ya fara tun yana yaro, ya shiga ƙungiyoyin rawa na Legas, daga nan ya yi aiki da Heddy Maalem, mai tsara rawa da ke zaune a Faransa. Ya yi karatu a babbar makarantar koyon wasannin motsa jiki da dabo ta ƙasar Faransa, ya kammala a 2009. Wasansa na mutum ɗaya, "My Exile Is in My Head", wanda ya samo tushe daga rubutun Wole Soyinka na gidan yari, ya ci kyauta a gasar rawar Afirka da aka yi a Bamako a 2010. A 2013 ya kai "Qaddish" bikin Abinyon, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan wasan dandamali na Turai. Yana kan ganiyarsa a can ya tattara ya dawo Legas, ya buɗe cibiyar QDance a 2014. A 2017, da Nijeriya ta buɗe rumfarta ta farko a baje kolin fasaha na Benis a Italiya, yana cikin mutum uku da suka wakilce ta, tare da Peju Alatise da Victor Ehikhamenor.

Aikin da ya fi yawo da sunan ƙungiyar shi ne "Re:INCARNATION", wanda ya fito a 2021, aka nuna shi a bikin rawa na birnin Liyon a wannan shekarar, ya kuma zagaya biranen Birtaniya a 2024. 'Yan rawa goma ne da makaɗa biyu da ke kiɗa a kan dandamalin, na kimanin awa ɗaya da rabi. An kasa shi uku da sunayen Yarabanci: Ibi, haihuwa, Iku, mutuwa, Atunbi, sake haihuwa.

Kafin a je ko'ina, sunan kansa zai sa wasu masu karatu su ja baya, don mu ba mu yarda rai yana dawowa duniya a jikin wani ba. Yarabawa kuwa tunanin yana cikin sunayensu: Babatunde, baba ya dawo, Yetunde, iya ta dawo. Amma mu ma muna da abin da ya yi kusa da haka ba tare da ya taɓa aƙida ba. Ana mayar wa jariri sunan kakansa, gida duka ya koma kiransa Abba ko Baffa don alkunya, wata rana ya taso yana tafiya a ce wallahi tafiyar marigayi ce sak. Sunan muka mayar, tafiyar ita ta zo da kanta. A karatunmu, a nan ƙarfin wasan yake. Abin da ke dawowa a dandamalin Onikeku taku ne: karkacewar kafaɗar da tsohuwa ta yi a gaban ganga shekara ɗari da suka wuce, ga ta a jikin yaron da bai taɓa ganin ta ba, yana yin ta a gaban kyamarar waya.

Matsalar da ya ɗauko wa kansa babba ce, kuma ita ta fi jan hankalinmu. Rawar titin Legas, tun daga galala ta Ajegunle a shekarun 1990 zuwa shaku-shaku ta Agege da zanku da ta biyo bayanta, rawa ce ta gajeren zango. Ana shiga fili a yi abin mamaki a fita kafin ido ya saba. Zuwan Instagram da TikTok ya ƙara matse ta: daƙiƙa goma sha biyar zuwa talatin, fuska tana kallon kyamara, ƙafa tana gudu, ƙirji yana nuna kamar bai san abin da ƙafar ke yi ba. Yaya za a ɗauki abin da aka ƙera don daƙiƙa talatin a sa shi ya riƙe mutum minti casa'in? Mu da muke rubuta manhaja mun san wannan tazarar. Layi goma masu burgewa kowane ɗalibi mai kaifin kai zai rubuta su. Tsarin da zai yi shekara yana aiki ba tare da ya rushe ba, wannan wani ilmi ne daban.

Amsarsa ta farko tana cikin buɗewar wasan. 'Yan rawar suna dunƙule wuri guda, suna motsi tare kamar ƙirji ɗaya mai numfashi, babu wanda ya fito ya ce ga ni. Ga matasan da suka taso a duniyar da kowa ke neman a ga fuskarsa shi kaɗai, wannan horo ne mai tsanani. Sai ya ɗaure su tukuna, ya sa mai kallo ya ƙosa, sannan ya sake su. Idan suka watse cikin launuka da hayaniyar Legas, takun da ka saba gani a waya sai ya zo maka da wani nauyi, don ka ga inda ya fito.

Amsa ta biyu ita ce maimaici. A bidiyon waya, da taku ya burge sai a wuce na gaba. Onikeku yana riƙe taku ɗaya har ya wuce inda yake da daɗi, har gumi ya fito, numfashi ya canza, abin da ya fara da fara'a ya koma kamar aikin ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen gayya ya ga yadda kiɗan gangar noma ke tura manoma har ƙarshen kunya ya san wannan yanayin, inda ba ka iya raba rawa da wahala. Ta uku kuwa makaɗan ne. Da yake a gabansu ake kiɗan, ba faifai aka kunna ba, akwai ja-in-ja tsakanin ƙafa da kiɗa, wani lokaci ita ke bi, wani lokaci ita ke ja. Mun saba cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. A nan sau da yawa rawar ce ke fara sauyawa, kiɗan ya biyo ta a guje. Mai kalangu na gaske ya san wannan tun da daɗewa, idonsa a kan ƙafar mai rawa yake. Faifan DJ ne ya raba mu da shi a gidajen biki.

Kashi na biyu, Iku, a nan muke da ja. Gudun ya ragu, haske ya dushe, ana shafe jiki da launi, ana jero karin maganar Yarabanci. Niyyar a fili take, ba za a yi maganar mutuwa da saurin shaku-shaku ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin jinkirin da ke tara hankali da wanda ke watsa shi, kuma wasan yana taka duka biyun. Inda jiki ke magana, ko ba ka jin Yarabanci ka gane. Inda aka koma dogaro da baki da alamomi, sai mai kallo ya buƙaci takardar bayanin da ake rabawa a ƙofa kafin ya san abin da ake nufi. Rawar da sai an karanta mata sharhi kafin ta tsaya da ƙafarta, ta ba da wani abu daga ikonta. Mutumin da ya nuna mana a kashin farko cewa kafaɗa tana iya riƙe tarihi, bai kamata a kashi na biyu ya ji tsoron barin ta ta yi aikin ita kaɗai ba.

Muna zargin cewa wani ɓangare na wannan ya samo asali ne daga kasuwar da wasan ke ci. Cibiyoyin Faransa suna cikin waɗanda suka sa kuɗi aka shirya shi, kuma ɗakunan da ke iya ɗaukar nauyin mutum goma sha biyu da kayansu da jirginsu yawancinsu a Turai suke. Mai sayen tikiti a Liyon ko Landan yana son abu biyu daga Afirka: zafin jiki da zai sa shi tafi, da ɗan asiri da zai sa ya ji ya koyi wani abu. "Re:INCARNATION" yana ba shi duka biyun daidai gwargwado, kuma wannan daidaiton ne ke sa mu ɗan tsargu. Abin ban sha'awa, Onikeku da kansa ne ya fara yin wannan tambayar. A 2007, yana saurayi, ya zagaya wasu biranen Afirka yana rawa a tituna da kasuwanni, aka yi fim ɗin tafiyar mai suna "Do We Need Cola Cola to Dance?", wato ko sai da kuɗin manyan kamfanoni za mu iya rawa. Shekaru sun ba shi amsa mai ɗaci: rawar ba ta buƙata, amma albashin mutum goma yana buƙata. A yi masa adalci dai, bai tsaya a ƙorafi ba. Ya dawo gida, yana horar da matasa, kuma taron danceGATHERING da ya fara a 2017 ya fitar da rawar zuwa titin Broad a tsibirin Legas, inda mai tallan ruwa da ɗan acaɓa ke kallo ba tikiti.

Sai kuma abin da ba sai an ɓoye ba. Akwai wurare a wasan, musamman inda ake kwaikwayon saduwa da haihuwa, da yanayin suturar, waɗanda ba za a nuna su a Yelwa ko Wara ba, kuma ba ma cikin masu cewa a nuna. Kowane gari da abin da idonsa ke ɗauka. Amma wanda ya tsaya a nan ya rufe waya ya yi asarar darasin, don darasin yana cikin yadda aka gina wasan, kuma ana iya gini irin wannan da babbar riga a jiki.

Abin da ya sa muka damu da wannan gini, mu mutanen bakin ruwa, yana komawa ga "Qaddish". A wannan aikin Onikeku ya bi mahaifinsa, dattijo mai kimanin shekara tamanin, zuwa Abekuta, garinsu na asali, yana neman abin da ya gada wanda ba a rubuta ba. Tunanin da ya fito da shi, wanda ya bi duk ayyukansa na baya, shi ne jiki rumbu ne, yana ajiye abin da takarda ba ta kama ba. A wani wuri wannan magana ce ta masu falsafa. A ƙasar Yauri kuwa bayanin abin da ya faru ne.

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taso ya shanye tsohuwar Busa da garuruwa da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutum fiye da dubu 40. Cikin waɗanda abin ya fi shafa akwai Gungawa, masu kiran kansu Reshe, waɗanda sunan da Hausawa suka ba su ma daga gungu ya fito, wato tsibiri. Mutanen da rayuwarsu duka a tsakiyar Kwara take, noman albasa a bakin ruwa, su, da tuƙin jirgi, aka kwashe su zuwa tudu, aka ba su gidajen siminti da wani ya zana musu daga nesa. Tsibiran da yawa suna ƙarƙashin tafkin yanzu. Ba za ka kai jikanka ka nuna masa inda aka binne kakansa ba. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi wa tarihin Yauri hidima da alƙalami, kuma muna cin moriyar aikinsa. Sai dai akwai kashin tarihin da ba ya shiga littafi: yadda mutum ke tsayawa a kwalekwale gwiwa a sake, nauyi a ƙasa, ƙugu yana karɓar motsin ruwa kafin kai ya sani, yadda masunci ke murɗa jiki ya saki birgi ta buɗe kamar faifai, yadda matuƙa ashirin ke tsoma filafili a bugu ɗaya ba tare da wani ya ƙirga musu ba. Wannan shi ne abin da aka fito da shi daga tsibiran wanda ruwa bai ci ba.

Muna ganinsa a bikin Rigata, wanda aka farfaɗo da shi a 'yan shekarun nan. Ana cewa asalinsa atisayen mayaƙan ruwa ne na Gungawa da farautar dorina, kafin ya koma wasa. Sunan ma aro ne daga Turanci, abin da ke nuna cewa bikin ya sha sauye-sauye a hannun mutane daban-daban, kamar Koroso. Abin da ke faruwa a kan ruwa ranar Rigata, jerin jirage, kiɗa daga cikinsu, filafilai suna tashi suna sauka tare, ya fi yawancin abin da ake kira rawar zamani tsari. Da Onikeku zai tsaya a gaɓar Yelwa ranar, dunƙulen nan da ya buɗe wasansa da shi zai gani, an daɗe ana yin sa, a kan ruwa kuma, inda kuskuren mutum ɗaya ke kifar da kowa.

Amma dubi yadda muke yi da shi idan an sauko tudu. A kusan kowane biki a Arewa tsarin ɗaya ne. A kawo 'yan rawa gaban rumfar manyan baƙi, a ba su minti biyar ko goma, mai gabatarwa yana duban agogo don jawabi na gaba, a yi liƙi, a ɗauki hoto, a ce su matsa. Rawar Kambari, ta Shangawa, ta Gungawa, kowace an yanke ta daidai tsawon haƙurin babban baƙo. Abin da aka ɗora mata ta faɗa kuma guda ɗaya ne tak: barka da zuwa. Waƙarmu tana yabo, tana zambo, tana kukan fari da yunwa, tana yi wa mai mulki hannunka-mai-sanda. Rubutunmu ma haka. Rawarmu kaɗai aka hana ta komai sai murmushi.

A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara ya tsage a tsakiyar ruwa, mutum fiye da ɗari suka salwanta, da yawansu mata da yara da 'yan kasuwa. Makoki a wurinmu addu'a ce da ta'aziyya, ba wanda zai kawo ganga gidan rasuwa, Allah ya jiƙansu. Amma bayan shekara, bayan biyar, al'umma tana buƙatar hanyar da za ta kalli abin da ruwan nan yake ba ta da abin da yake karɓa. Jikin da ya san tuƙi ya san nutsewa. Jerin matuƙa da aka bar gurbi uku a cikinsa babu kowa, ana tuƙi ana tsallake bugunsu, zai faɗi abin da jawabin awa guda ba zai faɗa ba, ba tare da an tuɓe riga ko an haɗa maza da mata ba. Kafin a yi haka sai an sami wanda aikinsa ne ya zauna ya yi tunanin gurbin, a ba shi wata uku na gwaji da abin da zai ciyar da mutanensa, a kuma kira sunansa. Kashin Iku, duk da rauninsa, ya nuna cewa ana iya ɗora wa rawar gida wannan nauyin ta ɗauka.

Batun kiran suna ya kawo mu ga aikin Onikeku da ya fi kusa da sana'armu. A lokacin da yake aikin bincike a Jami'ar Fulorida a Amurka, ya ƙaddamar da wani shiri mai suna Atunda. Manufarsa a tara bidiyon takun rawa, a koya wa ƙirƙirarriyar basira ta gane su, a rubuta wanda ya ƙirƙiri kowanne a kundin dijital da ba a iya gogewa, don in wani ya ci kuɗi da takun a san mai shi. Ciwon da yake son magancewa na gaske ne. A ƙarshen 2018 mawaƙin Amurka 2 Milly ya kai kamfanin Epic Games ƙara kan sayar da rawarsa a cikin wasan Fortnite ba da izininsa ba. Jalaiah Harmon tana da shekara 14 ta ƙirƙiri rawar Renegade a 2019, wasu suka yi suna da kuɗi da ita a TikTok, ba a san da yarinyar ba sai da jarida ta nemo ta a 2020. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaran Agege sun san wannan labarin a jikinsu.

Duk da haka muna da shakka, kuma shakkar ta masu aikin ce. Manhajar da ke gane motsin jiki ba ta ganin mutum. MediaPipe na Google, alal misali, ɗigo 33 yake sa wa jiki, a kafaɗa, gwiwar hannu, ƙugu, idon sawu da sauransu, ya bi yadda suke matsawa daga hoto zuwa hoto. Ka sa wa mai rawa babbar riga ko zane, rabin ɗigon sun koma hasashe. Ka tsayar da shi a cikin kwalekwale, ƙafafun sun ɓace gaba ɗaya. Wato tun daga ƙofa tsarin ya fi ganin ɗan Legas mai gajeren wando a kan mu. Sannan dole wani ya yanke lambar da za a ce daga nan taku biyu sun zama ɗaya. Kashi tamanin cikin ɗari na kama? Casa'in? Wannan hukunci ne na al'ada, amma wanda zai yanke shi mai rubuta manhaja ne irinmu, da tsakar dare, yana sauri ya gama. Mafi muni, kundin da ba a gogewa yana rubuta wanda ya fara kawowa ne, ba wanda ya fara yi ba. Mai babbar waya da data da lantarki zai riga tsohuwar da ke Shanga, ko da daga wurinta kakarsa ta koya. Abin kunya ne a ce madatsar da ke ba ƙasa wuta tana maƙwabtaka da ƙauyukan da ba za su iya cajin wayar da za su yi rajistar rawarsu ba.

Akwai kuma saɓani tsakanin Atunda da "Re:INCARNATION" kansa. Wasan an gina shi ne da takun da dubban yara marasa suna suka ƙirƙira, suka ara wa juna, suka lalata, suka gyara. Da kowane taku yana da mai shi da farashinsa, da ba a yi wasan ba. Abin da yake na Onikeku shi ne jerin: me ya zo kafin me, me aka riƙe, me aka katse. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ma ta raba biyun, tana kare aikin da aka tsara, ta kuma sa raye-rayen gargajiya a wani babi na daban ƙarƙashin kulawar hukuma. A duniyar manhajar da ake rabawa kyauta mun daɗe da samun hanyar tsakiya. Kowa na iya ɗaukar aikin wani ya gina a kai, amma tarihin yana nan, layi bayan layi, wane ya rubuta wannan, wance ta gyara wancan. Ba a hana ɗauka, ana hana share suna.

Kuma Bahaushe bai jira kwamfuta ba kafin ya san wannan. Malamin zaure yana faɗin wanda ya ba shi karatu, da wanda ya ba wancan. Mawaƙi yana tsaka da waƙa zai ambaci makaɗansa da 'yan amshinsa, ya ambaci ubangidan da ya koya masa. Ɗan dambe ba ya shiga fili sai an yi masa kirari an faɗi garinsu. Fasahar tana hannunmu, rawa ce kawai ba mu taɓa yi wa ita ba. A takardar "Re:INCARNATION" an jera sunayen 'yan rawar goma da makaɗan biyu, ɗaya bayan ɗaya, kuma a ganinmu wannan jerin ya fi Atunda amfani ga ɗan rawar Ngaski a yau. Lasifikar da ke kiran sarautun manyan baƙi na rabin awa a filin biki za ta iya ƙara daƙiƙa ashirin ta ce wane ne ya tsara wannan, a wurin wane ya koya, daga wane gungu iyayensa suka taso. Wanda ya ɗora bidiyon a Facebook zai iya rubuta haka a ƙasa maimakon "rawar gargajiya" da tutoci uku.

Lokacin yin hakan ba shi da yawa. Wanda ya taka Koroso yana ɗan shekara ashirin a 1977 yanzu yana dab da saba'in, kuma Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take, ba shi da nisa ga duk ɗalibin da ke neman abin rubutawa. Yaron da ya tuƙa jirgi tsakanin tsibiran Gungawa yana ɗan sha biyar, kafin ruwa ya taso a 1968, ya haura saba'in. Yana nan a ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka sake tsugunar da su, kuma in aka miƙa masa filafili, ko a tsakar gida ne, gwiwarsa za ta sake kafin ya ɗaga hannu.